Fensirin Iorhemba

Ƙarfe bakwai da rabi Iorhemba Aondowase yake jingina kekensa a gindin mangwaron da ke bayan cibiyar binciken tsirrai, a bakin garin Lafiya. Ba ya gaida kowa sai ya buɗe ɗakin busassun tsirrai ya shaƙi iskar ciki. In kafur ya ji, lafiya lau. In danshi ya ji, ranar nan ba mai jin muryarsa. Daga nan ya kwance igiyar katakon matse ganye, ya zare jaridun jiya da suka sha ruwa, ya sa busassu. Shekara talatin da huɗu ke nan. Shi kaɗai na sani a jihar nan da jarida ta yi wa amfani.

Aikin ba wuyar faɗi. A kawo tsiro, a matse, a busar, a manna shi a takarda mai kauri, a rubuta sunansa na Latin da inda aka samo shi da sunan daktan da ya jagoranci binciken. Sunan dakta ne ke hawa, ko da kuwa yana cikin mota lokacin da aka tsinko ganyen. Iorhemba bai taɓa musu ba. Juya takardar kawai yake yi, ya rubuta da fensir a bayanta: wanda ya nuna tsiron, yadda ake kiransa da harshen Alago ko Eggon ko Tibi ko Migili, da abin da mutumin ya faɗa, yadda ya faɗe shi. Manomin doya daga Agyaragu, mai saƙar tabarma daga Obi, duk suna nan a baya, inda aka saba ajiye irinsu.

Bara aka kawo sabon darakta, ya zo da kyamara da umarni: a mayar da kowane tsiro kan sabuwar takarda, a ɗauki hotonsa, a ƙone tsofaffin don ƙwari sun shige su. Ba mugu ba ne. Gaban takarda kawai aka koya masa karantawa.

Mutmainna, wadda aka ɗora wa ɗaukar hotunan, ita ta ba ni labarin. Iorhemba ya ce, "Oga, bayan fa?"

Darakta ya ce, "Baba, kyamara ba ta gani ta baya. Wata biyar ya rage maka ka yi ritaya, ka huta mana."

"To, Oga."

Washegari Iorhemba ya zo da reza. Duk takardar da za ta shiga wuta sai ya yanke wurin da ya yi rubutu, ya ninke, ya sa a ƙaramar ambulan irin wadda ake zuba irin da ya kakkaɓe, ya manna a kusurwar sabuwar. Takarda dubu uku da wani abu, da idon da ya riga ya gaji. Ya daina fita cin abincin rana.

Mutmainna ta ce, "Baba, wa zai karanta wannan tafiyar tsutsar taka?"

"Mai shi zai zo."

"Ai rabinsu sun mutu."

"To, nasu zai zo."

Ni ne na zo. Shekara biyu da rasuwar matata Lauratu. Tun aurenmu akwatin tufafinta yake wani ƙamshi, wanda ba turare ba, ba sabulu ba, kuma cikin shekara talatin ban taɓa tambayarta mene ne ba, ina karatu. Bayan ta tafi ƙamshin ya riƙa ja da baya, har ran da na buɗe na ji katako kawai. A ƙasan akwatin na tsinci ɓurɓushin ganye. Na zuba a kwalin ashana na kai cibiyar, ina jin kunyar kaina.

Iorhemba bai yi dariya ba. Ya ɗauki ɓarin da hantsaki, ya duba da gilashi, ya daɗe. Sannan ya ce, "Malam, madam 'yar Doma ce?"

Na ce uwarta ce.

Ya tashi ya buɗe kabad na bakwai, ya ɗauko wata sabuwar takarda a tafin hannu biyu. 'Yar ciyawa ce mai ƙananan furanni da suka koɗe. A gaba, Latin da sunan wani dakta. Ya buɗe ambulan ɗin kusurwa ya miƙo mini:

"Lauratu, matar malamin makaranta, ta kawo da kanta. Bakin rafi, bayan Doma. Uwarta tana sa shi a akwatin kaya. Ta ce za a share wurin a yi shinkafa, a ajiye mata. Ta ce kada a gaya wa maigidanta, zai ce ba ya cikin littafi."

Haka kuwa zan ce. Ta san ni.

Na tambaye shi ko har yanzu tana fitowa a can. Ya ce, "Shinkafa ce wurin yanzu, Malam." Na roƙi ganye ɗaya. Ya girgiza kai. "Ba a fita da shi, ko darakta ne. Amma ga kujera."

Iorhemba, mai fensir, kai ne ka saurari matata ran da ta zo da ciyawa a bakin zane, ka rubuta maganarta ba ka gyara mata ko harafi ba. Kai ne ka tsamo muryarta daga bakin wuta, alhali ba ka san akwai wani tsoho da zai zo nema ba. Na koyar da yara shekara talatin da biyar cewa abin da ba a buga ba, ba ilimi ba ne. Na gode da ba ka zauna a ajina ba.

Ranar Juma'ar da ta wuce ya manna ambulan ta ƙarshe, ya miƙa makulli. An ba shi agogon bango, wai don ya san lokaci, mutumin da bai taɓa makara ba. Fensirin ya bar wa Mutmainna, kuma na ga ta fere shi.

Ku da kuke riƙe da ɗakuna irin wannan, a asibiti ne ko a kotu ko a makaranta, in mutum ya zo da abu a bakin zane, ku tambayi sunansa, ku rubuta abin da ya ce. Wani zai zo nema, ko da ya makara.

Allah ya ba ka hutu mai daɗi, Baba Iorhemba. Ni dai kowace Laraba ina kan kujerar nan. Ciyawar Lauratu warin kafur kawai take yi yanzu. Ina sunkuyawa duk da haka.