Muryar Inna Baturiya

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Ranar Talata, tara ga Safar, 1396, Allah Ya karɓi ran kakata, Inna Baturiya, a sabon matsuguninmu kusa da Burumburum.

Inna, ni ne Shitu, mijin naki da kike cewa ba ya kawo cefane sai fitina. Yau ba tsokana ta kawo ni ba.

Tun da ruwan Tiga ya ci garinmu kika sake waƙarki ta niƙa. Kika zuba mata sunan kowace unguwa, kowace rijiya, da waɗanda muka baro kwance a maƙabarta. Marayun kawuna Sale ma da ita kike lallashinsu, kina kiran sunan uwarsu, kina cusa musu ƙuli a hannu.

Kan waƙar nan aka rabu biyu. Ɗaliban jami'a suka zo daga Kano da rikoda, suka ce tarihi ne, in ba a ɗauka ba ya tafi. Malam Rufa'i, limaminmu, ya ce muryar mace ba ta yawo kasuwa-kasuwa. Har Kwanar Dangora ana wannan musu a teburin mai shayi. Ke kuwa ba ki bi kowa ba. Kika ce, "Ba na son ina cikin kabari ana ta da ni ina magana."

Ni kuwa aikina kwaikwayonki. In yafa zane, in ranƙwafa, in rera da muryarki, ki biyo ni da muciya kina cewa, "Ɗan nema, za ka gani!" Ashe a gidan nan kaf babu wanda ya haddace ta sai ni.

Bayan sadakar uku ɗaliban suka dawo. Babbansu ya ce, "Malam Shitu, ka yi mana da muryarta, mu sa sunanta. Wa zai gane?" Na gwada baiti ɗaya a zaure. Babu wanda ya yi dariya. Daga cikin gida muka ji ƙwarya ta faɗi, mahaifiyata Hajara ta fito ba mayafi tana waige-waige.

Tun ranar nake jin tsoro, Inna. Jiya na nemi sunan rijiyar bayan masallaci na rasa. Yau sunan mutum biyu ya ɓace mini. Yadda ruwa ya bi gidajenmu ɗaya bayan ɗaya, haka wani abu ke bin waƙar nan a kaina.

Sun ce za su dawo ran kasuwa. Zan ba su abin da ya rage, amma da muryata, da sunana. Taki ta kwanta tare da ke, kamar yadda kika so.

Allah Ya jiƙan ki, Ya haskaka kabarinki, Ya gafarta wa na ƙarƙashin ruwa, waɗanda na tuna da waɗanda na manta. Ɗanki Baba Mahmudu, Hajara da sauran dangi, Allah Ya ba mu haƙuri. Amin.