Gefen Bargon da Na Danne

A ofis ɗinmu na Wuse akwai wata mata da ke zuwa da 'yan kwalabe cikin jaka duk lokacin da damina ta kankama, kowa na atishawa. Man na'a-na'a, man kanumfari, man ganyen turare. Wai ka ɗiga a ruwan zafi ka shaƙa, garkuwar jikinka ta yi ƙarfi, mura ta bi ta gefe. Abokan aikina rububinsu suke yi. Ni kuwa da ta buɗe na ganyen turaren sai in tashi in bar wurin, don ƙamshin nan Karshi yake mai da ni, gidan kakata Iya, kuma ba na son zuwa.

Mu huɗu ne a hannun Iya: ni, da ƙannena mata biyu, da Talatu. Iyayenmu na aiki cikin gari, sai ƙarshen mako muke ganin Baba. Talatu 'yar ƙanwar Baba ce. Uwarta ta rasu wajen haihuwarta, kuma Iya ba ta taɓa yafe wa yarinyar wannan ba. Ba ta cika dukanta ba. Kallonta kawai take yi kamar ta ga tsaka a bakin randa.

Da damina, da zarar an idar da magariba, mukan taru a rumfar girki, ruwa na dukan kwanon rufi, wuta na ci a murhu. Iya ta tafasa ganyen darbejiya da na lemun tsami, ta sauke tukunyar, sannan ta kwance haɓar zaninta ta fito da kwalbar man ganyen turaren da Baba ya sayo mata a kasuwar Wuse. Ɗigo uku, ba ƙari. Sai sirace: ki durƙusa gaban tukunya, a lulluɓe ki da bargo, ki yi ta shaƙar tururi har gumi ya jiƙa ki. Ni ce farko, sai ƙannena. Kafin a zo kan Talatu ruwan ya huce, ƙamshin ya gudu, alhali ita ce mai tarin da ba ya jin magani.

A wannan jiran ne Iya ke ba mu tatsuniya, kuma wallahi ta iya. Ina ƙaunar muryarta har yau, abin da ke ba ni haushi ke nan.

"To, ga tawa ta iso," in ji ta. "Mai kunne ta matso, marar kunne ta je ta kwanta."

Wadda muka fi so ita ce ta Mura. Wai Mura tsohuwa ce mai jiƙaƙƙen zani, tana bin gidaje da damina tana sansanar yara. Wata uwa za ta gona, sai ta kifa wa 'ya'yanta mata biyu masakai, kowace da nata, ta turara su da ganye, ta ce kome suka ji kada su motsa. Mura ta shigo tana jan hanci. Ta yi muryar uwar ta kira su, shiru. Ta yi muryar mai tallan awara, shiru. Sai ta zauna ta hura wuta kusa da masakan. Da zafi ya yi zafi, ƙaramar ta ɗaga gefen nata don ta sha iska, Mura ta cafke ta ta jefa a buhu. Babbar ta daure, ko tari ba ta yi ba, har uwar ta dawo.

"Wace ce Mura ta ɗauka?" Iya takan tambaya.

"Mai motsi!" mu amsa baki ɗaya.

Wata Lahadi Baba zai koma gari, ya ji tarin Talatu daga ɗaki. A gaban maƙwabta ya ce, "Iya, ita ba a sa ta siracen ne?" Iya ta yi murmushi. Na san wannan murmushin.

Da yamma ta sauke tukunya tana tafarfasa ta ce, "Yau 'yar gata ce farko, tunda an kai ƙarata." Ta karkata kwalbar, ba ɗigo uku ba, rabinta ta tuttule. Har daga inda muke idanunmu suka kawo ruwa. Ta tura Talatu, ta rufe ta, ta ce mu zauna a gefunan bargon kada tururi ya fita. Muka zauna. Ta fara tatsuniyar Mura.

Talatu ta yi tari, ta ƙara. Na ji tana jan bargon daga ƙarƙashina, tana cewa, "Yaya, iska." Na ƙara dannewa. Shekarata goma sha ɗaya, na san abin da nake yi, kuma ina son in ji inda Mura ke yin muryar mai awara, don Iya na kwaikwayonta da ban dariya. Muka yi dariyar kuwa. Can sai jan ya daina, tarin ma ya tsaya.

"Kun gani?" in ji Iya. "Ta koyi hankali. Yau Mura ba ta samu kowa ba."

Maman Joy, 'yar hayar da ke ɗakin baya, ita ta shigo ɗiban wuta. Ta dube mu ta ce, "Wane ne a ciki, bai yi motsi?" Ta fizge bargon har na faɗi. Talatu na kwance gefen tukunya, leɓenta ya canza launi. "Mama, wannan yarinya ba ya numfashi! Jesus! A kira okada!" Ita ta goya ta cikin ruwan sama zuwa asibiti. A can aka ce asma gare ta, man nan mai ƙarfi shi ya shaƙe ta. Ta rayu da ƙyar. Dangin ubanta suka ɗauke ta daga gadon asibiti, ba ta sake taka gidanmu ba. Iya ta ce yarinyar dama raguwa ce, ta ci gaba da tatsuniyoyinta, mu ma muka ci gaba da sauraro.

Na daɗe ina ɗaukar darasin yadda aka ba ni shi, cewa yaron kirki shi ne mai daurewa. Sai da na haifi nawa na gane don daɗin manya aka yi tatsuniyar. Ba ta ce kome game da wanda ya hura wutar ba, laifin duk na wadda ta nemi iska ne. Yanzu kukan yarana ba ya tayar mini da hankali, shirunsu ne ke sa in tashi da gudu.

Bara na samu labarin Talatu na ɗinki a Kubwa. Na shiga bas na je, na tarar da ita kan keke. Ta karɓe ni da mutunci, ta sa aka kawo mini ruwa. Na yi ta kewaye-kewaye, daga ƙarshe na ce mu yara ne lokacin, ba ma na tuna wanda ya zauna a ina.

Ba ta ɗago daga ɗinkin ba.

"Hagu kika zauna, Yaya," in ji ta. "Can na fi ja, don na ɗauka ke za ki ɗaga."