Hamma a ƙarƙashin tebur

Ana tsakiyar rawa a bikin ƙanwarmu a Damilu, mai hoto ya saki jirginsa mara matuƙi. Yayana Hamma, soja direban tankar yaƙi, yana jin ƙuginsa ya faɗa ƙarƙashin tebur. Mutane suka kwashe da dariya, wasu suna ɗaukarsa bidiyo a waya.

Na ce, "Hamma, tashi, na hoto ne."

Ya ce, "Irinsa aka ɗaura wa bam, aka ƙona mana tanka da mutane a ciki. Bai kai kuɗin babur ba. Yanzu ragar kejin kaji muke rufa wa sauran tankokin don ta tare shi."

Ragar kaji fa, jama'a! Jibi zai koma cikin ƙarfen nan. Ku da kuke yaɗa bidiyonsa, ku zo nan ku gaya min abin dariyar.