Ranar da Na Mayar da Abokina Misali

A shekarun da nake aiki a wata ma'aikata a Garki ta Abuja, mun kafa ɗan zama na masu son karatu. Duk Asabar bayan La'asar mukan haɗu a wani lambu, mu takwas ko tara, mu jera kujerun roba a gindin mangwaro, mu tattauna littafin da aka zaɓa. Ni ne na karanta adabi a jami'a, don haka ni ke jan zaman, kuma ina jin daɗin yadda ake saurarona.

Cikinmu akwai wani abokin aikina, injiniya, mutum mai sanyin magana. Tare muke cin abincin rana, tare muke zuwa Juma'a. Wata rana muna dawowa daga Durumi a motata, cunkoso ya riƙe mu, sai ya ba ni labarin da bai taɓa ba kowa a ofis ba. Mahaifinsa Bahaushe ne, direban tirela, ya rasu shi yana ɗan shekara huɗu. Mahaifiyarsa Kirista ce 'yar Filato, ta koma da shi ƙauyensu. Can ya tashi da wani suna, yana rera waƙa a coci. Sai da ya girma ya nemo dangin ubansa, ya koma ga sunan da aka raɗa masa. Dangin uwa na ganin ya guje su. Dangin uba kuwa, in ya shigo, akan canja zance.

Ya ce, "Malam, a Abuja kaɗai nake hutawa. Nan ba mai tambayar ɗan wane kake."

Na yi masa alkawari maganar ba za ta fita daga motar ba.

Bayan 'yan watanni muka karanta wani wasan kwaikwayo. Jarumin tafinta ne da ya tashi a hannun baƙi, ya dawo yana fassara tsakaninsu da mutanen garinsu, kowane ɓangare na zarginsa da cin amana, har abin ya hallaka shi. Wata lauya a cikinmu ta ce ita bai ba ta tausayi ba, raggo ne, da ya zaɓi gefe guda da ya tsira. Na yi ta bayani cewa irin waɗannan jarumai ba mugunta ke kayar da su ba, rashin wurin tsayawa ne. Ta ce wannan zancen littafi ne, a duniya kowa ya san gidan ubansa. Aka yi dariya, dariyar ta ƙona ni.

Sai na juya na nuna abokina. "Ga shi nan zaune. Ku tambaye shi suna nawa gare shi."

Ban tsaya nan ba. Na zayyana komai, tirela, ƙauye, coci, dangi, kamar ina bayanin babi a aji. Lauyar ta sunkuyar da kai. Shi kuwa ya rufe littafinsa ya ce, "Gaskiya malam ya faɗa." Ya zauna har aka tashi, ya taya mu tattara kujeru.

Wasu mutum biyu cikin masu zaman 'yan ofishinmu ne. Kafin mako ya zagayo wani ya fara kiransa fasto, wai wasa. Wani dattijo ya ja shi gefe ya tambaye shi ko yana son a koya masa alwala. Ya daina cin abinci da ni. Ni kuma na kasa taka ƙafa zuwa ofishinsa, ina ta gaya wa kaina ai mutane irinsa nake karewa. Da shekara ta ƙare ya nemi canjin wurin aiki, aka tura shi Lokoja.

Sai bayan shekara shida na sake ganinsa, a kasuwar Dei-Dei a Abuja, na je sayen kwanon rufi, shi kuma ana loda masa rodi a mota. Ya yi furfura. Muka gaisa, ya tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya. Na ce, "Abokina, na cuce ka. Ka yafe mini."

Ya ce, "Na yafe tuni, malam. Da ma wata rana za a ji. Abin da ya tsaya mini a rai, fuskarka. Kana faɗa kana jin daɗi."

Na san haka ne. Direba ya kira shi, "Oga, mun gama." Ya miƙo mini hannu, ya shiga gaban motar. Na so in nemi lambarsa, na ga ban da bakin tambaya. Na daɗe tsaye a bakin shagon, har mai kwano ya leƙo ya ce ko na fasa ne.