Mita Biyu, In Ji Glenys

Shekara ashirin da shida Glenys Tranter ta yi tana riga kowa shiga ruwan Brindle, amma ranar da ta bar wurin ko kofin shayi ba a haɗa mata ba. Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci, kuma rabin haushin kaina nake ji.

Brindle tsohon ramin fasa dutse ne da ruwa ya cike, a nan muke koya wa mutane nutso da tulun iska. Mahaifin Glenys ya fasa dutse a cikinsa tun yana busasshe, shi ya sa ta san ƙasan ramin fiye da yadda ta san titin gidansu. Gajeruwa ce kakkaura, kanta fari fat, kuma da safe ba a ganin haƙoranta. Ƙarfe bakwai take shiga, ko da ƙanƙara ta kwanta a bakin ruwa. Aikinta shi ne ta gano nisan da ido ke iya gani a ƙasa a ranar, ta rubuta a allon da ke ƙofar shiga.

Ba na'ura take amfani da ita ba. Wani farin faranti ne na mahaifiyarta ta ɗaure a jikin dandamalin katako da ke zurfin mita shida, inda muke durƙusar da ɗalibai. A jikin farantin akwai igiya mai ƙulli a kowace mita. Sai ta riƙe igiyar tana ja da baya har farantin ya ɓace mata, ta ƙirga ƙulli, ta fito leɓɓanta sun yi shuɗi don sanyi, ta ɗauki alli ta rubuta lambar, ta sa sunanta a ƙasa.

Wannan lambar ita ke juya mu duka. Dokar wurin ta ce idan ido na ganin mita biyar ko fiye, malami ɗaya zai iya sauka da ɗalibai shida. In bai kai ba, biyu kacal, ɗaya a kowane hannu. Mu malamai mun sha yi mata gunaguni, don ranar da ta rubuta uku aikin rabin yini sai ya ci yini biyu. Muna tsokanarta da cewa tsufa ne ya dushe mata ido, ita kuma ta ce duk wanda ke ganin idonsa ya fi nata, ruwan ga shi nan, ba ta kulle shi ba. Babu wanda ya taɓa amsa gayyatar, don ƙarfe bakwai kowa na manne da burodi da soyayyen ƙwai a rumfar shayi.

Ana nan sai masu wurin suka kawo sabon manaja, Dominic Ashby. Otal ya riƙe kafin ya zo, kuma ban taɓa ganin ya tsoma ko da ɗan yatsa a Brindle ba. Mutum ne mai laushin murya, irin wanda zai taka ka ya kuma tambaye ka lafiyar ƙafar. Tun makonsa na farko allon ya tsone masa ido. Ya ce mutane na tuƙo mota awa biyu, su ga an rubuta uku, su juya. Ya roƙi Glenys ta riƙa ɗan ƙarawa, wai ai ruwa yana washewa in rana ta ɗaga.

Ta ce, "Ba ni nake yin ruwan ba, Dominic. Dubawa kawai nake yi."

Wata Asabar a watan Afrilu, bayan an kwana shida ana ruwan sama, laka ta wanko daga bangon ramin, gansakuka kuma ta fara tashi. Glenys ta fito ta rubuta biyu, ta wuce ɗakin canza kaya ta ɗumama jiki. Ranar muna da ɗaliban jami'a goma sha takwas, malamai uku, ni ɗaya daga ciki. Ina ɗauke da tulu a kafaɗa na ga Dominic ya goge lambar da hannun rigarsa, ya rubuta shida, ya bar sunanta a ƙasa yadda yake. Ya juyo muka haɗa ido.

Ya ce, "Kafin ƙarfe goma zai washe, Howell."

Ƙarya ce, kuma na san ƙarya ce. Ruwan Brindle ba ya washewa in ɗalibai sun shiga, don sabon mai nutso da ƙafa yake haƙa ƙasa kamar kaza. Amma na yi lissafin cewa in biyu-biyu za mu yi, sai mun dawo Lahadi, ga shi na yi wa matata alkawarin kai ta wurin 'yar'uwarta. Abin da na saya da shiruna ke nan, ziyarar Lahadi. Na gyara tuluna na wuce.

Na sauka da shida. A kan dandamali na ƙirga su da ƙyar, fuskoki shida a dushe. Sai ɗaya ya rasa daidaito ya harba ƙafa, laka ta taso, ruwan ya koma kamar shayi mai madara. Na shiga laluben kafaɗu da hannu. Biyar na samu. Na sake lalubawa, biyar ɗin dai. Wadda babu ita ce Imogen, 'yar shekara sha tara, ita ce ke durƙushe a gefen da dandamalin ya ƙare, inda ramin ke gangarawa zuwa mita ashirin.

Na fito da biyar ɗin ina ihu. Glenys ta taho a guje tana jan zif ɗin rigar robarta. Ba ta tambayi dalilin da ya sa na sauka da shida ba. Abu biyu ta tambaya, ina yarinyar take durƙushe, kuma wane gefe take fuskanta. Sai ta nutse.

Minti bakwai ta yi. Ta san akwai wani tsohon tudu a mita goma sha huɗu inda keken dutse ke bi a zamanin mahaifinta, ta kuma san duk wanda ya zame daga wannan gefen can yake tsayawa. Can ta same ta, yarinyar ta ƙanƙame wani ƙarfe, iskarta ta kusa ƙarewa. Ta ba ta nata bututun iskar, ta hau da ita a hankali. Imogen ta rayu. Kunnenta ɗaya ya fashe, kuma ba ta ƙara shiga ruwa ba.

Ranar Talata masu wurin suka aiko mutum biyu da riguna masu guga, aka tara mu a rumfar shayi. Wani ɗalibi ya ɗauki hoton allon da safen, aka ajiye shi a kan tebur: shida, da sunan Glenys a ƙasa. Dominic bai zarge ta ba, da ma ya zarge ta da ya fi mini sauƙi. Tausaya mata ya yi. Ya ce baiwar Allah ta kai shekara sittin da uku, sanyi na taɓa ido da lissafi, kowa na iya kuskuren ƙulli. Tsokanar da muka shekara muna yi mata don raha, ita ya ɗauka ya shafa mata kashin kaji da ita a gaban baƙi.

Glenys ta ce biyu ta rubuta. Aka tambaya ko akwai wanda ya ga allon kafin a ɗauki hoton. Ba ta kalli Dominic ba, ni ta kalla, don daga baya na gane ta hango mu ta tagar ɗakin canza kaya. In na ce na gani, na amsa ke nan cewa da sanina na sauka da yara shida cikin ruwan mita biyu, kuma takardar koyarwata ta tafi. Na ce a makare na iso, shida na tarar.

Suka gode mata da ceton da ta yi, har da tafi. Sannan suka ce za ta huta da nutson safe, a mayar da ita taga tana miƙa makullan akwatin kaya. Matar da ta tsamo musu yarinya daga mita goma sha huɗu cikin duhun laka, ita ce idonta bai isa ya ƙirga ƙulli ba. Ta tashi ta ɗauki jakarta. Malamai tara muke a rumfar, babu wanda ya raka ta mota.

Sai da na yi wata huɗu ina juyi kafin na rubuta wa masu wurin gaskiya. Suka amsa da layi biyu cewa an rufe maganar. Takardata ma ba su taɓa ba, abin da na sayar da Glenys don in kare ashe ba wanda ya damu da shi. Dominic yana nan, yanzu ranar Litinin yake rubuta lambar mako guda daga ofis.

Na je gidanta wata Lahadi da rana, na same ta tana ɗaure wake a jikin sanduna a bayan gida. Na tsaya a bakin shinge na zazzage mata komai, da wasiƙar, da amsar, da cewa na ci amanarta. Ta bar ni har na gama, hannunta bai tsaya ba.

Ta ce, "Jiya da ɗalibai nawa ka sauka?"

Na ce shida.

"Wa ya duba ruwan?"

Na ce ba kowa.

Ta ɗago ta dube ni, ba fushi a fuskarta, gajiya ce kawai. Ta ce, "To me ya kawo ka wurina, ɗana? Ni na riga na fito. Su ne ke ciki."

Ta sunkuya ta ci gaba da ɗaurin wakenta.