Littafin da Kakana Ya Mayar

Jiya 'yata ta kawo wani littafin labari a kan yaron da haruffa ke rikice wa. Tana karanta mini, sai na ji warin awaki da ƙamshin goron kakana.

Marigayin dillalin dabbobi ne a kasuwar Maigatari, komai duba shi yake kamar rago. Ina aji uku karatu ya gagare ni, haruffa sai su yi ta musayar wuri a idona. Wani ɗan ajinmu, Habu, ya laƙaba mini "Daƙiƙi", har na ce na bar makaranta.

Kaka ya karɓi littafina a juye, ya shinshina, ya leƙa cikinsa kamar mai duba haƙora. Washegari ya tasa ni gaba har ajinmu a Gumel.

"Malam, yaron da ke gane akuyarmu cikin ɗari ba daƙiƙi ba ne. Littafin ne ba lafiya. A canza mana."

Aji ya fashe da dariya, Habu ya fi kowa. Kaka ya nuna shi da sanda.

"Kai mai baki, tunda ka iya, kullum da la'asar ka zo ka karanta masa. Akwai tsire."

Don tsire Habu ya zo, ya ƙare da auren ƙanwata. Shi ya riƙe gaban makarar Kaka. Ni kuwa har yau da yatsa nake bin layi, amma ina kaiwa ƙarshe.

Allah ya jiƙan tsohon nan, ya ba shi littafinsa a hannun dama, ko da a juye zai riƙe.