Sikeli da Akwatin Riƙe Wuta

Ranar da Sikeli ya sayo akwatin nan, gari ya kwana da gumi ya tashi da gumi. Hadari ya taru tun hantsi ya tsaya cik, ya ƙi zubar da ruwa, ya kuma hana iska wucewa. Ina zaune a baranda ina fifita da murfin kwali, sai ga shi ya shigo bayan mai baro, yana yi masa tsawa kada ya buge ƙofa.

Sikeli ɗan yayana ne, marigayi mai hoto. Uban ne ya laƙaba masa sunan, domin tun yana ƙarami duk abin da aka miƙa masa sai ya ɗora a tafin hannu ya ji nauyinsa kafin ya ce yana so. Takalmi, agogo, kwaɗon ƙofa, duk haka. Abin da ba shi da nauyi a wurinsa na banza ne. Da ya girma ya ƙara da wani hali: ba a gaya masa magana. In ka ce masa ga rami, sai ya taka don kawai kai ne ka faɗa.

Shi ya gaji shagon uban, kuma aiki kam ya iya. Zai ɓata rabin yini yana gyara fitila don fuskar tsohuwa ta fito da kyau, sannan ya sallame ta da baƙar magana. Mutane suna zuwa don hannunsa, suna haƙuri da bakinsa.

Wata shekara rufin ɗakin ajiya ya yi yoyo, tsofaffin hotunan uban suka fara mannewa da juna suna fumfuna. Sikeli ya zauna shekaru yana ɗaukarsu ɗaya bayan ɗaya yana zubawa a wata kwamfuta da ya ajiye a kusurwar falo, wadda ba a kashewa, ana ce mata saba. Da ya gama sai ya ƙone takardun, saboda warinsu yana sa matarsa tari. Ke nan duk aikin yayana ya koma cikin baƙin ƙarfen nan, har da hotunan uwarsu, wadda ta rasu ƙanensa Auta yana goye. Auta bai san fuskarta ba sai a hotunan nan.

Gida ɗaya suke zaune, Sikeli a gaba, Auta a ɗakunan baya, ni a tsakiya kamar katanga. Auta jan wayar wuta yake yi a gidajen mutane. Ba shi da yawan magana, amma yana da ajiya a ciki, kuma ba ya mantuwa. Ban taɓa ganin sun ci abinci a kwano ɗaya sun tashi lafiya ba.

Wutarmu ba ta da alƙawari. Duk lokacin da aka ɗauke, saba ta mutu tsaye, in an dawo da ita kuma ta daɗe tana gurnani kafin ta farka. Shi ne aka ce sai an sayo akwati mai batir da zai riƙe mata wuta. A gabana suka yi maganar.

Auta ya ce, "Yaya, ba girma ake dubawa ba. Ka nemi sabo, mai wayar da ke shiga cikin kwamfutar. In batir ya kusa ƙarewa shi zai gaya mata ta kashe kanta a hankali."

"Akwati ya yi wa kwamfuta magana? To kai ma ka je ya koya maka gaisuwa."

"Kuma ka kwafi hotunan a wani faifan, in ajiye a wurina."

Sikeli ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba. "Aikin Baba ya kwana a ɗakin da ko takalminka ba ka iya samu? Wanda ya ja wa mai shayi waya shago ya kusa ƙonewa, shi ne zai koya mini?"

"Wayarsa ce ta tsufa."

"Kullum wayar wani ce."

Na ce, "Ɗana, ka saurare shi mana, sana'arsa ce."

"Baffa, kai dai ka ci gaba da fifitarka."

Na ci gaba.

Ya tafi shagon sababbin kaya, aka nuna masa irin wanda Auta ya faɗa. Ya ɗaga da hannu ɗaya ya ajiye, ya ce wa mai shagon ai wannan akwatin burodi ne. Daga nan ya wuce layin masu tsofaffin kaya, ya tarar da wani da aka kwaso daga ofishin da ya rufe, ƙato, toka-toka, sai da mutum biyu suka ɗaga. Bai tambayi shekarun batirin ba. Ya gwada ɗagawa, bayansa ya amsa, ya ce a ɗora a baro.

Auta ya leƙo ya dube shi a falo, ya ce, "Allah ya sa alheri." Ya koma ciki.

Da farko abin ya yi aiki. In an ɗauke wuta akwatin ya fara kuka, ƙit, ƙit, saba kuma tana nan a kunne. Sikeli yakan fito tsakar gida ya ɗaga murya: "Injiniya! Kana jin akwatina yana magana?" Haka ya yi ta yi, har gaban baƙi, har gaban matar Auta. Auta bai taɓa amsawa ba.

Da damina ta yi nisa, wata la'asar aka yi ta wasa da wutar, a kawo a ɗauke, a kawo a ɗauke. Sikeli yana zaune gaban saba yana sake jera hotunan. Akwatin ya yi kuka ɗaya dogo ya yi shiru. Kwamfutar ta mutu, ta farka, ta sake mutuwa, sannan ta kama wata ƙara kamar ana ƙwanƙwasa cokali a kofi. Ba ta sake nuna komai ba.

Ya kai ta wurin masu gyara, daga wannan zuwa wancan. Sun ceto masa hotunan bikin mutane da na 'yan makaranta masu yawa. Ɓangaren hotunan gida ne bai dawo ba.

Ranar da ya dawo da labarin, ya tsaya tsakar gida ya ce bakin Auta ne ya kama shi, tun ranar farko yake yi wa akwatin mugun fata. A nan Auta ya kasa riƙe abin da ke cikinsa.

"Bakina? Batirinka ya kumbura tun kafin ruwan farko. Ranar da matarka ta kira ni gyaran soket na ji yana warin ruɓaɓɓen ƙwai, na taɓa gefensa kamar tukunya a wuta."

Sikeli ya juyo a hankali. "Ka gani?"

"Na gani."

"Ka yi shiru?"

"Da na faɗa za ka ji? Ni da ba na iya samun takalmina?"

"To ka ci nasara, injiniya. Je ka kalli Inna yanzu. Ka ce akwatinka mai magana ya nuna maka ita."

Ni na san abin da Auta ya so: akwatin ya mutu a gaban jama'a, yayansa ya ji kunya, shi ke nan. Bai lissafa da faifan da ke ɗauke da hotunan a cikin saba ba. Amma bai ce a yi haƙuri ba, Sikeli ma bai ce ba. Na kira su ɗakina, kowa ya zauna yana kallon bangonsa. Na yi magana har makogwarona ya bushe, suka ce sun ji, suka tashi.

Auta ya bi dangi gida-gida yana tambaya ko wani yana da hoton uwarsu. Ya sami guda ɗaya wurin wata gwaggonsu, na taron suna, tana can baya, kan wata mata ya rufe rabin fuskarta. Bai nuna wa Sikeli ba, Sikeli kuma ya ji labari bai tambaya ba.

Kafin damina ta fita Sikeli ya kwashe kayansa da iyalinsa. Yanzu yana haya a ɗakuna biyu bayan shagonsa, yana nan yana ɗaukar hoto. Yakan aiko mini da gaisuwa, amma bai sake taka gidan nan ba.